Kunnen Sallau

A Alaba, bayan layin masu janareta,
inda kwata ba ta bushewa ko da rani,
nan shagon Sallau yake, faɗinsa taku huɗu.
Shekara tara ina share masa garin katako.

Bai taɓa tambayar mai saye nawa ya riƙo ba.
Cewa yake: me kake saurare in ka kaɗaita?

Alhaja Simbiyatu ta zo daga Mushin, fuji take so,
ganguna goma sha biyu suna rige-rigen magana.
Sallau ya ce wannan gardama ce, ba ruri ba:
a ba ta takarda mara nauyi, mai saurin komawa mazauni,
a toshe akwatin ruf,
kada wata ganga ta taka sawun 'yar'uwarta.

Okwudili mai taya, shi jita da ƙaho ne abincinsa.
Aka ɗora masa ɗan ƙoƙon siliki a sama,
don ƙahon ya shiga kunne da sallama,
ba da wuƙa ba.

Samarin Surulere kuwa ba da kunne suke ji ba,
da haƙarƙari ne.
Su sai maganaɗisu mai nauyin turmi,
a huda wa akwatin hanci ya yi numfashi,
har kwanon maƙwabta ya kama rawa a kan kanta.

Damshin Ikko ba ya raga wa kowa.
Yana kumbura katako, yana sanyaya gwiwar takarda.
Shi ya sa muke shafe loko sau uku,
mu jira rana kamar masu bin ta bashi.

Wata Laraba, ana ruwa,
wani mutum ya aiko mota daga Ikoyi.
Falonsa ya fi masallacin unguwarmu.
Lasifika biyu tsaye, baƙaƙe, tsawon mutum,
sun tsallako teku a cikin auduga,
kuɗinsu ya sayi gida a Agege har da rijiya.
Ya ce sun lalace.

Ya sa wani tsohon kaset.
Kukuma ce, mahaifinsa ke gogawa,
an ɗauka a wani zaure tun kafin a haife ni.
Manyan akwatunan ba su ɓoye kome ba:
shuuu na zaren kaset, tarin wani tsoho,
kaza a tsakar gida, ƙarar ƙofar langa-langa.
Kukumar tana can tsakiya, 'yar mitsitsiya,
kamar baƙo a bikin da bai san kowa ba.

Sallau ya ɗora tafinsa a jikin akwatin.
A ranar na gane kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa,
da hannu yake ji.

Ya ce, lafiyarsu ƙalau, Alhaji.
Gaskiya ce ta yi musu yawa.
An gina su don makaɗa tamanin a babban ɗaki,
kai kuma mutum ɗaya kake nema.

Muka koma ta gadar Eko, bai ce uffan ba.
A Alaba Rago ya sayi ƙwarya wurin mai fura.
Ya yanke bakinta, ya zaunar da lasifika guda,
'yar ƙarama, tafin hannu ta fi ta,
ya cusa tsumman tsohon rawani a ciki,
ya liƙe da danƙo.

Da muka kai, mutumin ya yi dariya.
Da kaset ya juya, ya daina.

Kazar ta ja da baya, tarin ya koma bayan ƙofa,
tsirkiya ta matso har gaban kujera,
da ɗan karcen nan na izga in ta gaji.
Ya zame daga kujerar fata ya zauna a ƙasa,
kamar yadda yaro ke zama a zaure.

Sallau ya karɓi kuɗin ƙwarya da na mota.
A hanya, danfo na ta ihu, ya juyo mini kunnen dama:
Gobe ka zo da wuri,
akwatin Alhaja bai sha shafe na uku ba.